Yadda za ka shirya jirgin iska a farkon kaka, ka shiga tseren farko a Madarunfa

Wanda ke son tuƙa ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a ƙasar Maraɗi, lokacinsa yana kamawa ne bayan an yanke gero, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. A lokacin tafkin Madarunfa ya gama shan ruwan damina ya cika ya batse, hadarin da ke tasowa daga gabas da guguwa a gabansa ya ɗauke, hunturu kuma bai riga ya kankama ba. Cikin damina kada ka gwada. Iskar da ke rigan ruwan sama zuwa tana kwantar da bishiya, balle ɗan jirgin katako mai ƙyalle a ka.

Ni a wani ƙaramin kulob kusa da Brest na koyi abin, lokacin da nake karatu a Faransa. Can cikin Maris da Afrilu ake maida yawancin jirage ruwa, kuma abin tsoronsu sanyi ne: teku ba ta wuce digiri 10 zuwa 12 ba, wanda ya faɗa ciki babu rigar roba numfashinsa kan sarƙe tun kafin ya tuna ya iya iyo. Mu namu daban ne. Rana ce ta gasa jirgin wata da watanni, ga gara, ga tarun masunta, ga kututturan da ruwa ya rufe. Amma abu guda na gani can na kuma gani nan: a tseren farkon kaka ba gwani ne ke yawan ci ba. Wanda kayansa ba su tsinke ba, ya kuma iso bakin layin tashi a kan lokaci, shi ke tafiya da ita. Saboda haka rabin wannan bayani a tudu zai ƙare.

Jirgin da kansa

Mu nan ba mu gaji wannan wasa ba, babu shagon da za ka shiga ka ce a ba ka jirgi. Wanda ya je Ikko zai ga kulob ɗin jiragen iska da aka kafa tun 1932, a Dakar ma akwai irinsa, amma ɗan Maraɗi hanyarsa ita ce kafinta. Sa'ar da aka yi, jirgin da aka fi koya wa yara tuƙi da shi a duniya, wato Optimist, dama don haka aka yi shi. Wani maƙerin jirage mai suna Clark Mills ne ya zana shi a 1947 a Florida ta Amurka, da nufin uba da ɗansa su iya haɗa shi a gida da siririn katakon nan mai falle-falle da kafintoci ke yin ƙofa da sili da shi. Tsawonsa mita 2 da santimita 30 ne da ƴan kai, nauyinsa kilo 35, ƙyallensa bai fi murabba'in mita 3.3 ba. Na yara ne har zuwa shekara 15. Babba yana iya shiga ya koyi abin, sai dai gwiwoyinsa za su ba shi labari. In don manya ne, a ƙara tsawo zuwa wajen mita 4, kamar jirgin 420 da Faransawa suka fitar a 1959 don mutum biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin ranar da kuka sa, fito da jirgin tsakar gida, ka kife shi a kan tayoyi biyu. Bi shi da ƙwanƙwasa da bayan sukudireba, taki-taki. Katako mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda ya ruɓe ko gara ta shiga sai ka ji ya yi dum. Inda ka yi shakka, danna bakin sukudireban. In ya shige, yanke wurin za a yi a sa sabo, fenti ba ya maganin wannan. Ka fi duba kusurwoyin da allo ya haɗu da allo, da gindin jigo, wato dogon sandan da ke ɗauke da ƙyalle, da akwatin da allon tsakiya ke shiga, wato allon da ake zurawa cikin ruwa ta tsakiyar jirgi, don nan ne ƙarfi ke taruwa. Bayan haka ka juya shi daidai, ka zuba bokiti biyu na ruwa a ciki, ka tsuguna ka leƙa ƙasa. Inda ya ɗiga, nan zai sha. In kuwa kwale-kwalen falanki ne irin na masunta ka sa wa jigo, rana ta buɗe mishi tsagu, to shi a jiƙa shi ake yi kwana biyu ko uku a bakin tafki, katakon ya kumbura ya rufe da kansa, sannan a toshe abin da ya saura.

Igiya ita ce mai cin amana. Igiyar leda da ake sayarwa a kasuwa rana na cinye ta. Murza ta tsakanin tafin hannuwanka: in ta zubo da gari, ko ta yi gashi-gashi tana sukar hannu, ka ba masu ɗaurin akuya. Ƙyalle kuwa zarensa ke riga shi mutuwa. Shimfiɗa shi a tabarma, ka bi ɗinkin da farce kana kartawa. Zaren da ya tsinke a farce zai tsinke a iska. Tela mai ɗinkin tamfol zai maimaita maka ɗinkin cikin rabin yini, ka dai gaya mishi ya yi shi mai lanƙwasa, ya kuma ninka kusurwoyi uku ko huɗun nan da ake ɗaure igiya.

Sai abin da ba na sassautawa a kansa ko ga ɗan'uwana. Dole jirgi ya iya yawo a saman ruwa ko da ya cika fal. Bidon mai lita 20 da aka rufe bakinsa gam yana ɗaukar nauyin kusan kilo 20 a ruwa. Ka sa uku ko huɗu, biyu a gefuna, ɗaya a baya, ka ɗaure su da jikin jirgin ɗaurin da ko an kife shi ba za su fice ba. Bidon da aka ajiye kawai ba a ɗaure ba, shi zai fara barinka. Ka ƙara ɗaura ƙaramar gorar roba wadda ba kome ciki a ƙololuwar jigo. Tafkinmu ba zurfi gare shi ba. In jirgi ya kife ya juya gaba ɗaya, kan jigo yana cakewa cikin laka, kuma ciro shi aiki ne na mutum uku. Gorar nan tana hana shi nutsewa. Allon baya da ake juya jirgi da shi ta sandar tuƙi, allon tsakiya, abin kwarfar ruwa, filafilin hannu, kowanne da ƴar igiyarsa a ɗaure da jirgi. Jigon ma a ɗaure shi ta gindi. A ƙarshen igiyar hannu, wadda kake jan ƙyalle da ita, ka yi ƙulli mai siffar 8 don kada ta zare ta bar ka da hannu wofi.

Ruwa da masu shi

Tafkin yana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya, kuma ba fili ne na kowa ba. Abincin mutane ne. Kafin ka sauke jirgi daga mota, ka nemi Sarkin Ruwa ka gaishe shi da goronka, ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka kuma sanar da ma'aikatan ruwa da gandun daji da hukumar gari, don wurin yana ƙarƙashin kariya: an sa shi cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, wanda ake kira Ramsar, a 2019, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda mutane ke zuwa ziyara. Ba wurin kiɗa da ihu ba ne. Ka tambayi hukuma halin hanya, ka kuma tsara komawa gida da sauran rana.

Gaisuwar nan ba ladabi kaɗai ba ce, taswira ce kake saye da goro. Wani dattijon masunci da muke hayar kwale-kwalensa yakan tsaya a gaɓa ya miƙa sandarsa. "Ɗana, ka ga inda tsuntsayen can suke tsaye? Ba tudu ba ne, kututture ne. Daga nan zuwa waccan ciyawa taruna ne, mamari kuma, igiyar ƙugiyoyin nan, yana bayansu. Ku bi ta yamma." Na ce, "To Baba, ƙarfe nawa kuke ɗagawa?" Ya ce kafin hantsi sun gama. Shi ke nan an raba ruwa: safiya tasu, hantsi namu. Allon tsakiya yana nutso kusan mita guda ƙarƙashin jirgi, kuma babu abin da ya fi shi iya kamo raga. In ka yaga tarun mutum, kada ka jira a neme ka; je ka biya, don ranar karfasa da tarwaɗarsa ka ɓata.

Akwai tsargiya a ruwan kwance irin wannan. Ƙwayarta tana fitowa daga dodon koɗin da ke zama cikin ciyawar bakin ruwa, ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Ka zaɓi gaɓa mai yashi wadda ba ciyawa, ka rage tsayuwa cikin ruwa, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je likita, akwai maganinta mai suna praziquantel. Tufafi kuma: babbar riga da jallabiya su tsaya a mota. Gajeren kaya marasa nauyi, takalmin roba mai rufe ƙafa saboda ƙugiya, hula mai igiya. Mace ta sa ƙaramin hijabi ta cusa bakinsa cikin rigar ceto, don kada igiya ta kama shi. Rigar ceto kuwa kowa da kowa, a ɗaure, har da wanda ya ce a gulbi aka haife shi. Sandar ƙyalle, wadda ke kwance a ƙasan ƙyallen, in ta bugi ƙeya ba ta tambayar ko ka iya iyo.

Sanin iska

Kafin kome, ka san daga ina take. Ɗaura zaren kaset ko siririn tsumma a saman jigo da gefen jirgi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma ɗabi'arta ita ce ta yi lamo da asuba, ta taso da hantsi, ta lafa bayan la'asar. Ƙarfinta ma ana karanta shi da ido, da ma'aunin da wani hafsan ruwa na Ingila, Francis Beaufort, ya tsara a 1805. Mataki na 3, wato kilomita 12 zuwa 19 a awa, ganye da ƙananan rassa suna motsi ba tsayawa, tuta ta miƙe: wannan ita ce iskar mai koyo. Mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28, ƙura da takardu na tashi: ta wanda hannunsa ya faɗa. In ka ga ƙananan bishiyoyi na rangaji, ruwan tafki ya fara fitar da farin kumfa a kan igiyoyinsa, an kai mataki na 5, ka sha shayinka a tudu. Dalili shi ne, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna ƙyalle da shi sau huɗu yake ninkawa. A fitowar farko ta kaka, hannu ya manta, jirgi bai gwadu ba, kada ka wuce mataki na 3.

Tambayar da kowa ke yi mini ita ce, in iska ta tura ka can, da me za ka dawo? Ɗauki ɗan kankana jiƙaƙƙe ka matse shi tsakanin yatsu biyu: ba ya bin yatsan sama, ba ya bin na ƙasa, gaba yake fitowa. Iska na danna ƙyalle ta gefe, allon tsakiya da ke cikin ruwa ya ƙi yarda jirgin ya zame ta gefe, sai jirgin ya tsere gaba. Da haka ake tafiya a gicciye, har ma a hau iska a karkace. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka nufi idon iska kai tsaye. Kimanin digiri 45 ta dama da 45 ta hagu daga inda take fitowa, babu hanya. In wurin da za ka yana can, sai ka tafi a karkace ta wannan gefe, ka juya ta wancan, kana hawa sannu-sannu.

Ranar farko ka jefa bido biyu a gicciyen iska, tazarar taki ɗari, ka yi ta kai da komowa tsakaninsu. Zauna a gefen da iska ke shigowa, fuskarka na kallon ƙyalle, hannun baya a sandar tuƙi, na gaba a igiyar hannu. Sandar tuƙi a baibai take aiki: ka tura ta hagu, goshin jirgi ya yi dama. Saitin ƙyalle kuwa ƙa'idarsa guda ce. Saki igiya har bakin ƙyallen na gaba, wanda ke jikin jigo, ya fara karkarwa, sannan ka jawo kaɗan har ya daina. Nan ne daidai. Masu koyo kusan dukansu sun fi son su ja da yawa, suna ganin ƙarfi ke nan, sai jirgi ya kwanta yana nishi ba ya gaba. In iska ta bugo da ƙarfi jirgi ya karkata, saki igiya ka miƙa jikinka waje. Saboda wannan sakin ne ba a ɗaure igiyar hannu da kome, ba a kuma naɗe ta a hannu.

Juyi iri biyu ne. Na farko, ka juya goshi ta cikin iska. Ka tabbata jirgi na da gudu, waiwaya ka ga ba kowa, tura sandar tuƙi wajen ƙyalle, sunkuya sandar ƙyalle ta wuce ta kanka, ƙetara ɗaya gefen kana kallon gaba, ka musanya hannu ta bayanka, ka daidaita sanda. In ka yi shi da sanyin jiki, jirgi zai tsaya cak goshinsa cikin iska, ƙyalle na faɗa-faɗa. Kada ka yi ta kaɗa sanda. Tura sandar tuƙi da sandar ƙyalle gefe guda, jirgi zai ja da baya ya karkata, sannan ka jawo su duka biyun. Na biyu shi ne juyi da iska a bayanka, kuma shi ne mai kifar da mutane, don ƙyalle yana ƙetarewa ne gaba ɗaya, fau. Jawo igiya kaɗan tukuna, ɗaga allon tsakiya rabi, kai a ƙasa, ka daidaita sanda da zarar ya ƙetare.

Kifewa kuma gara ka yi ta da gangan tun ranar farko, inda ruwa ya kai ƙirji, kwale-kwalen ceto na kusa. In ya kife, ka ƙirga mutanenka, kada kowa ya saki jirgi ya nufi gaɓa. Gaɓa ta fi yadda ido ke gani nisa, jirgi kuma shi ake hangowa daga nesa, ba kan mutum ba. Kwance igiyar hannu, zagaya ta baya kana riƙe da jirgi, kama allon tsakiya ka rataya nauyinka a bakinsa. A hankali zai taso. Hau ta baya, ka kwarfe ruwa.

Tseren

Jirage biyu ma sun isa tsere. Abin da ake bukata shi ne bido uku masu launi, kowanne da dutse da igiyar da ta fi zurfin ruwa kaɗan, da kwale-kwale guda mai ɗauke da alƙali da usur da agogo, wanda kuma shi ne na ceto. Layin tashi yana tsakanin kwale-kwalen alƙali da bido na farko, a gicciyen iska sosai, faɗinsa ya ɗan fi tsawon dukan jiragen in an jera su. Bido na biyu a kai shi can saman iska. Na uku a gefe, in ana son zagaye mai kusurwa uku. In ba a so, a hau a sauko kawai. Ana zagaya bido yana hannun hagunka. A farkon kaka ku yi gajerun tsere na minti 15 zuwa 20, guda uku ko huɗu. Ya fi dogo guda ɗaya, don wanda ya makara a na farko bai rasa yininsa ba, kuma tashi, wanda shi ne abu mafi wuya, an maimaita shi.

Dokokin tsere na duniya hukumar World Sailing ce ke fitar da su, tana sabunta su duk shekara huɗu. Na yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Littafi ne mai kauri, amma abin da za ku yi aiki da shi a Madarunfa bai cika shafi ba. Ƙirgen tashi haka yake: busa ta farko saura minti 5, ta biyu saura 4, doguwar busa saura 1, sannan busar tashi. A kulob kowace busa da tutarta. Ku kuna iya yi da ƙyallaye biyu masu launi daban a kan gora. Wanda goshinsa ya ƙetare layi kafin busar ƙarshe, alƙali ya kira shi, ya komo bayan layi ya sake tashi, yana kauce wa kowa.

Mintunan nan biyar su ne tseren. Ka danna agogonka a busar farko. Je tsakiyar layi ka saita goshi cikin idon iska: bakin layin da goshin ya fi karkata wajensa, shi ya fi kusa da bidon sama, can za ka tashi. Sannan ka auna: daga waccan ciyawa zuwa layi daƙiƙa nawa ne? Ɗan yayata, yaro ɗan shekara 13, shi ya fi mu duka iya wannan. Saura minti guda za ka gan shi tsawon jirgi uku bayan layi, ya saki igiya, ƙyalle na karkarwa, jirgi na rarrafe, leɓensa na motsi yana ƙirge. Saura daƙiƙa 10 sai ya jawo igiya hannu bi hannu, jirgin ya ɗaga, usur na tashi goshinsa na kan layi da cikakken gudu. Manya kuwa suna can nesa suna tsoron ƙetarewa, ko sun iso da wuri sun tsaya cak. "Kawu, ai ku kuna jiran busa ne sannan ku fara tafiya," in ji shi. Gaskiyarsa. Kuma wanda ya tashi a gaba yana shan iska mai tsabta, na bayansa sai gurɓatacciyar da ta fito daga ƙyallensa.

Dokar hanya huɗu ce za ka haddace. In jirage biyu suka nufo juna, ɗaya iska na shigar masa ta dama, ɗaya ta hagu, na hagu ne zai kauce, shi ya sa ake son tashi da iska ta dama, kuma a Faransa za ka ji mai gaskiya na ƙwala "Tribord!", wato "dama", tun daga nesa. In iska na shigar muku ta gefe guda kuna kafaɗa da kafaɗa, wanda ke sama, wanda iska ta fara taɓawa, shi zai kauce wa na ƙasa. In kana bayan mutum, kai za ka kauce mishi. In kana tsakiyar juyi ta cikin iska, kai za ka kauce wa kowa. A wajen bido akwai ƙari: in kun shigo tazarar tsawon jirgi uku daga bido kuna kafaɗa da kafaɗa, na waje ya ba na ciki wurin zagayawa, sai dai wannan ba ya aiki a bidon sama tsakanin na dama da na hagu, can dokar farko ce ke nan daram. Kuma ko kai ne da gaskiya, doka ta ce ka kauce wa karo in da hali. A wurinmu ma dalilin ya fi ƙarfi, tunda kafinta guda ne.

Wanda ya taka dokar hanya ba sai an kai shi gaban kowa ba. Ya fita gefe ya yi zagaye biyu a wuri guda, kowane zagaye da juyin gaba da na baya, ya ci gaba da tserensa. Wanda ya taɓa bido, zagaye ɗaya. Ba a tuƙi da filafili, ba a kaɗa sandar tuƙi ko girgiza jirgi don ya yi gaba; iska da ruwa kaɗai. Doka ta farko a littafin kuwa ita ce taimakon wanda ke cikin haɗari. In wani ya kife bai taso ba, ka bar tsere ka je, alƙali zai maida maka matsayinka.

A hanyar hawa, ka sa ido a zaren nan na saman jigo. Iskar tafki ba ta tsayawa wuri guda, tana kaɗawa dama da hagu, musamman kusa da bishiyoyin gaɓa, inda takan mutu gaba ɗaya. In ka ga ta karkato tana tilasta maka kauce wa bidon sama, juya. Ɗaya gefen ya zama mai kyau. Ka nemi inda fuskar ruwa ta yi duhu ta yamutse, can iska take. A saukowa, saki ƙyalle sosai, ɗaga allon tsakiya rabi, ka dinga waiwaye, don iskarka daga baya take zuwa kuma na bayanka yana iya tare maka ita.

Maki kuwa na ɗaya 1, na biyu 2, haka har ƙarshe, mai mafi ƙarancin jimla shi ya ci. In an yi tsere huɗu ko fiye, kowa ya yar da mafi muninsa. Kulob-kulob na Ingila suna da lambar da suke ba kowane irin jirgi, su daidaita lokacin mai sauri da na mai nauyi da ita, amma jiragen kafinta ba su da lamba, kuma ba biyu da suka fito daidai. Ni abin da na fi so shi ne musanya: bayan kowane tsere, wanda ya zo na ɗaya ya karɓi jirgin na ƙarshe. Gardamar "ai jirginka ne ya fi" ta mutu ke nan. Kuɗi kuma kada su shigo. In an ce a sa jika-jika a ba wanda ya ci, caca ce, kuma daga ranar ba wanda zai ƙara yin zagayen hukunci da kansa. A haɗa kuɗin a biya mai kwale-kwale, a sayi soyayyen kifi a bakin tafki.

In an tashi, a ɗauraye jirgi, a cire ciyawa daga allo, a shanya ƙyalle a inuwa ya bushe kafin a naɗe. Rubuta duk abin da ya yi ƙara ko ya saki tun kana wurin, don zuwa Maraɗi ka manta. Kuma kada ka ɗauka inda kuka jefa bido a Nuwamba yana nan a Janairu. Tafkin yana ja da baya duk mako, kututturan da ke ƙasa suna matsowa sama, masunta ma suna matsar da tarunsu zuwa tsakiya. Kowace fita, kafin busar farko, a zagaya filin da gora mai alamar mita guda da rabi ana dungura ƙasa. Inda ruwa bai kai alamar ba, a ɗage bido a matsa ciki.